Turmin Tsohon Bayan Gafasa

A duk faɗin Gaya babu wanda aka taɓa kafa wa doka shi kaɗai sai ni. Dokar kuwa ita ce, duk abin da ya fito daga bakina a raba shi goma, a ɗauki ɗaya, a zubar da tara. Kawu, ƙanin Inna, shi ya kafa ta a bainar jama'a, ranar da na ce an yi ruwa a unguwarmu har na ga kwaɗo yana neman aron lema. Tun daga ranar ake kirana Sarkin Ambaliya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ce na ɓoye masa halina.

Kawu yana da shagon cajin waya kusa da tasha, ɗan ɗaki na langa-langa, da benci ɗaya a bakin ƙofa. Kullum bayan sallar la'asar sai ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, ya tokare ta da dutse, ya cusa abin sauraro a kunnuwansa, ya buɗe shiri kai tsaye. Sunan shirin Tabarmar La'asar, ko da yake ko tsinken tabarma babu a shagon. Masu kallo su ne 'yan tabarma. Akwai na Gaya, akwai na Ajingi da ƙauyukanta, akwai kuma 'yan garinmu da neman abinci ya watsa uwa duniya. Wasu rubutu kawai suke yi, yana hawa allon waya kamar jerin tururuwa. Wasu kuma Kawu yakan shigo da su, fuskarsu ta fito a wani ɗan akwati a gefen tasa, su yi magana.

Baƙo in ya faɗo cikinmu sai ya ɗauka gidan mahaukata ya shiga. Kawu ba ya fara komai sai ya yi sallama ya tambaya, "Wa ya share wuri?" Sai kowa ya rubuta, "Ba ni ba." Wanda ya makara, kafin a amsa gaisuwarsa sai an aike shi ɗebo ruwa, wato ya rubuta "ga tulu" sau uku. Idan sabis ya ɗauke hoton Kawu ya ƙame baki buɗe, babu mai cewa sabis ya ɗauke, sai dai ka ga allo ya cika da "ƙuda, ƙuda, ƙuda," wai a rufe masa baki kafin ya haɗiya. Akwai wani mutumin garin Balan, ko me aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce, "Muna dai kallo." Ranar da matarsa ta haifi tagwaye aka yi masa barka, ya ce muna dai kallo. Akwai wata Hajiya da ke aikatau a Jidda, ita ce uwar tabarma, ita ke raba faɗa, ita ke haɗa shi.

Amma abin da ya riƙe shirin shi ne labarin ruwa. Daga hadari ya fara motsi a gabas, Kawu sai ya bi gari gari yana tambaya, "An yi?" Ni ake fara tambaya don a yi dariya. Sai mutumin Balan. Sai Hajiya ta ce, "Nan sai zufa, 'ya'yan nan." Muna da ma'auninmu. In ko ɗigo ba a yi ba, fitsarin kaza ke nan. In ya kwantar da ƙura kawai, wankin ganye. Sai na ƙarshe, wanda ba a wasa da shi, ruwan shuka.

Daga ƙarshe, bayan kowa ya gama surutunsa, Kawu yakan gyara zama, ya sassauta murya, ya ce, "Tsoho, me ka gani?"

Tsohon yana zaune ne a wani gidan gona can bayan Gafasa, inda hanya ta ƙare ta koma turbar shanu, daga shi sai matarsa. Ciwon maƙogwaro ya tafi da muryarsa tun kafin in yi wayo. Jikansa ya ba shi waya ya koya masa wuri ɗaya da zai danna, kuma sabis ba ya kamawa a gidan sai a gindin rumbu. Ba mu taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Akwatinsa ciyawar rufin rumbu yake nunawa, wani lokacin gefen hula, wani lokacin kunne ɗaya. Tunda ba ya magana, sai ya kifa tsohon turmi a gabansa, yana amsawa da ƙotar fartanya. Bugu ɗaya, ba a yi ba. Biyu, wankin ganye. Uku, ruwan shuka. Kuma ba da ka yake faɗa ba. Sai ya tona rami a gindin rumbun ya zura hannu, in laima ta kai wuyan hannunsa, sannan zai buga uku.

A wannan ɗan lokaci babu mai rubuta ko alif. Ko ni bakina yana rufuwa. Dalili kuwa, ruwan farkon damina ba shi da alƙawari. Sai ya jiƙa wannan gona sharkaf ya bar maƙwabciyarta tana ƙura. Mutanen cikin Gafasa ma ba sa iya gaya maka abin da ya faru a dajin. Masu gonaki a wajen, irin Babana, da bugun tsoho suke tashi. Gonarmu ta gado tana jikin tasa, iyakarsu jerin gamba ne kawai. Baba ba ya rubutu a tabarma, cewa yake shirme ne, amma kullum lokacin tsoho ya yi za ka gan shi a tsaye a bakin shagon, wai ya zo karɓar caji.

A bazarar da ta gabaci daminar bara, tsoho ya kwanta dama. Aka yi jana'iza, Baba da Kawu suka je. Matarsa ta koma wurin ɗanta a birni, aka ja ƙyauren kara aka ɗaure da igiya. Wayar ma jikan ya tafi da ita.

Da aka fara labarin ruwa na daminar, rana ta farko, Kawu ya bi kowa, ya gyara zama, bakinsa ya riga tunaninsa. "Tsoho, me ka gani?"

Ya ankara, ya yi shiru. Mu ma muka yi shiru. Babu akwati a gefen fuskarsa, amma duka muka zuba ido a inda ya saba fitowa. Can Hajiya ta rubuta, "Allah ya jiƙansa." Allo ya cika da amin. Washegari Kawu ya tsallake tambayar, sai jama'a suka ce ba su yarda ba, tabarma ba ta naɗuwa haka. Shi ke nan ya zama al'ada. A yi tambayar, a yi shiru kamar tsawon karanta Fatiha, a yi masa addu'a, a rufe.

To ni shiru ne ba na iya gani in ƙyale. Kamar sabon bango ne a wurin mai gawayi.

A bayan shagon Kawu akwai wata mai ƙosai da ke suya da safe. In ta tashi takan kifa turminta a jikin langa-langar ta tafi gida. Wata Laraba, bayan na gama ba da labarina na cewa zafin unguwarmu ya dafa wa Inna ƙwai a cikin kaza, na ce zan zaga. Na lallaɓa baya, na tsinci guntun icen mai ƙosai, na tsuguna. Ta jikin langa-langa na ji Kawu ya sassauta murya. Na bari shirun ya yi nisa. Na ɗaga icen.

Ƙwam.

Wayyo, da kun ga tabarma ranar! Su Kawu ba su gane daga ina ƙarar ta fito ba, don shi kunnuwansa a toshe suke, 'yan benci kuma kowa yana kallo a tasa wayar, kowace waya tana maimaita sauti a makare. Na dawo ina gyara wando, na tarar da Kawu baki buɗe, ba kuma sabis ne ya ɗauke ba. Babu wanda ya rubuta ƙuda. Hajiya tana ta jero a'uziyya. Wani direban tirela ya rubuta cewa ya faka a gefen titi, ƙafarsa ta ƙi taka totur. Mutumin Balan, a karo na farko a tarihi, ya rubuta, "Ni na tafi."

"Kai, ja'iri, ka ji abin da na ji?" in ji Kawu.

"Me aka ji, Kawu? Ni ina can ina fama da kaina."

Na koma gida ina dariya har cikina ya ƙulle. Alhamis na sake. Juma'a na sake. Asabar ma haka. Kullum bugu ɗaya, don sama fes take kamar an wanke faranti, makaho ma ya san ba a yi ruwa ba. Masu kallo suka ninka. Wasu suka ce Kawu ne yake dabara don a cika masa shiri, har ya ɗaga hannuwansa biyu sama lokacin shirun don a gani. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne da suka saba jin tsoho. Wani malami ya shigo akwati ya yi mana faɗa, ya ce mamaci ba ya dawowa, a ji tsoron Allah. Ya gama, Kawu ya yi tambayar, na buga, malam ya fita ko sallama babu.

Ranar Asabar ɗin da magariba muna cin tuwo, Inna ta kawo zancen.

"Malam, kai ma ka yarda da wannan abin na shagon ƙanina?"

Baba ya suɗe hannu. "Wanda ya tafi ya tafi. Ba ya buga turmi."

Na ji daɗi, na kai loma.

"Amma akwai mai bugawa," ya ce. "Wataƙila jikan ne ya bar wa wani makiyayi wayar a can, yana jin kunyar nuna fuska. Ko wane ne, kwana huɗu ke nan bai yi ƙarya ba. Ranar da ya buga uku, a sauko da gyaɗa."

Na janye hannu daga kwanon.

Sai na yi bayanin gyaɗar nan. Gero ba shi da matsala, mun binne shi tun ƙasa tana bushe, zai jira ruwa ko wata guda ne. Gyaɗa kuwa 'yar gata ce. Irinmu buhu ɗaya ne tak, wanda ya tsira daga shekarar da ta wuce, iri ne da Baba ya gada daga mahaifinsa, ba ya kuma yarda da na kasuwa. A cikin ɓawonta ake ajiye ta, a rataye a rufin ɗaki. Ba a ɓarewa sai ana gobe shuka, don in aka ɓare ta ta zauna cikin wannan zafi, 'yan kwanaki kaɗan sai ta mutu a tsaye, ka shuka ta ƙi fitowa. In kuma aka yi ruwan shuka, laimar ba ta jiran kowa, yau ka ɓare, gobe da sassafe ka shuka. Wanda ya ɓare ba ruwa, ya yi asarar irinsa. Wanda aka yi ruwa bai ɓare ba, ya bi bayan damina da kallo.

Wato Baba ya ɗauki gyaɗar kakana ya ɗora a kan guntun icen mai ƙosai.

Ranar Lahadi da hantsi na je na sami mai ƙosai tana kwashe kaya. Na ce, "Iya, turmin nan naki rana tana tsaga shi, kawo in kai miki gida." Ta dube ni sama da ƙasa, don ba a san ni da aikin lada ba, amma ta yarda. Na mirgina shi har zaurenta. Na dawo na kwashe guntayen icen na watsa a kwata. Na ce shi ke nan, daga yau tsoho ya huta, ni ma na huta. Shiru zai dawo, Baba zai gaji da jira, ya hau babur ya je ya duba da kansa.

Da la'asar iska ta tsaya cak. Can gabas ta arewa, wajen Ajingi, akwai wani baƙi-baƙi a gindin sama, amma irinsa mun gani sau goma yana watsewa. Kawu ya tambaya wa ya share wuri, aka ce ba ni ba. Da aka zo kaina na ce fitsarin kaza, ban ƙara ko gishiri ba.

"Lafiya, Sarkin Ambaliya?" in ji Kawu. "Yau kogin ya ƙafe?"

Hajiya ta rubuta, "A duba yaron nan ko zazzaɓi ne."

Ban zaga ba. Na zauna a ƙarshen benci inda waya take ɗaukata, na ɗora tafukana biyu a kan gwiwoyina. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, wayarsa da ba ta buƙatar caji tana hannunsa. Kawu ya gyara zama.

"Tsoho, me ka gani?"

Shiru. Na ji ƙarar wani ɗan sahu ya wuce can titi. Na ji ƙuda yana bin gwangwanin madara. Na fara sakin numfashi.

Ƙwam.

Ba daga bayan shago ta fito ba. Na san yadda tawa take, takan zo da rawar langa-langa a bayanta. Wannan busasshiya ce, mai nauyi, ta tsohon ice da ya sha hannu.

Ƙwam.

Na dubi hannuwana. Suna nan inda na ajiye su. Gashin cinyata ya miƙe har ina jin yana sukar wando.

Ƙwam.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zaga baya a guje. Babu kowa. Sai zagayen da bakin turmi ya bari a ƙasa, da tokar murhu, da wata akuya can nesa tana tuƙa, tana kallona kamar ta san wani abu. Da na dawo, allo ya tsaya, babu mai rubutu. Kawu ya zare abin kunnensa yana jujjuya shi. Baba kuwa har ya kai bakin titi.

Na same shi a tsakar gida ya hau kujera yana kwance igiyar buhu.

"Baba, don Allah tsaya. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni nake bugawa. Da turmin mai ƙosai. Tun Laraba. Babu wani makiyayi, babu kowa a can."

Inna ta saki muciya. "Inna lillahi! Ɗan nan, da mamaci kake wasa?"

Baba bai sauko ba. Ya dube ni daga sama. "Na yau fa?"

"Na yau ba ni ba ne."

"Na sani. Ina kallon hannunka."

"To ai shi ne, Baba! Ba mu san ko mene ne ba. Kar a ɓare. Mu je da safe mu duba tukuna."

"Mu je da safe, mu dawo da azahar, mu ɓare, mu koma jibi, mu tarar ƙasa ta sha iska." Ya sauke buhun a kafaɗarsa. "Kwana huɗu ka yi kana ƙarya da sunan bawan Allah, gaskiya tana fitowa. Yau da ka rufe baki kake so in ji tsoro?"

"Wallahi Baba, in aka ɓare ta mutu..."

"In ta mutu, kai za ka riƙa tunawa duk shekara. Kawo tabarma."

Ban taɓa jin aikin da ya yi mini nauyi kamar ɓarar gyaɗar nan ba. Muka zauna mu uku bayan magariba, kowa da tulinsa. Da can lokacin ɓara ni ne rediyon gidan, ina zuba ana dariya, ina jefa ɗaya a baki in Baba ya juya. Ranar ko ɗaya ban ci ba. Kowace ƙwaya ta faɗa ƙwarya sai in ji kamar na zare wa wani rai riga. Sama kuwa taurari ne reras, ko walƙiya babu. Inna tana ɓara tana salati. Kafin dare ya raba buhun kakana ya koma jajayen ƙwayoyi tsirara, babu sauran komawa.

Da aka idar da asuba muka hau babur, Baba a gaba, ni a baya, iri a tsakaninmu, sungumi biyu a ɗaure a gefe. Daga Gaya har muka shiga ƙasar Ajingi ƙura ce kawai take bin mu. Ina ta leƙen gefen hanya ko zan ga ɗan tabon ruwa. Babu. A Gafasa muka tsaya wurin mai shayi, Baba ya tambaya.

"Ruwa?" in ji mai shayi. "Mun dai ji ƙamshinsa jiya da la'asar. Ko ɗigo bai sauka ba." Ya dubi ƙullin da ke tsakaninmu. "Ba dai ɓarewa kuka yi ba, Malam?"

Baba ya tayar da babur. Na ji bayansa ya yi tauri kamar katako. Ni dai na fara lissafin garin da zan gudu.

Muka bar hanya muka kama turbar shanu. Yashi, ƙaya, busasshen sabara. Tayar baya tana ta wutsil-wutsil a cikin rairayi. Sai can, daidai wata tsamiya da ake hango rumbun tsoho daga gindinta, babur ya daina tayar da ƙura. Baba ya taka birki.

Ku raba goma in kun ga dama. A ƙasa akwai layi, kamar an ja da sanda. Ta wajenmu fari fat, ta can baƙi. Na tsaya ƙafa ɗaya a rani, ɗaya a damina. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, ga ganyen tsamiya yana ɗiga ta ɓari ɗaya. Babu kukan tsuntsu, babu motsin kowa.

Baba ya wuce gonarmu, ya tsuguna, ya tona da yatsu, ya zura hannu. Ya zaro shi da laka har wuyan hannu. Bai yi murmushi ba. Ya ce alhamdu lillahi a hankali, kamar mai gudun kada a ji.

Ni kuma ƙafata ta ja ni gidan tsoho. Ƙyauren kara yana nan a ɗaure, igiyar har ta yi baƙi, ba a taɓa ta ba. Na leƙa ta inda dangar ta faɗi. Ruwa ya share tsakar gidan tas, ya shafe ta sumul kamar an yi daɓe, babu sawun mutum, babu na dabba. Turmin yana kife a gindin rumbu, ƙotar fartanya a jingine da shi.

A gefen turmin akwai rami.

Ɗan ƙarami ne, daidai shigar hannu. Ƙasar da aka tono tana tare a gefe ɗaya, gefunan ramin a tsaye, ruwa bai zubar da su ba. Wato bayan an ɗauke ruwa aka tona shi.

Na juya in kira Baba. Ashe yana bayana. Ya daɗe yana kallo ta saman kaina.

"Gafiya ce," na ce, da wata murya kamar ta ɗan tsako. "Ko, Baba? Gafiya tana tona irin wannan."

"Tana tonawa," in ji shi.

Ya tsallaka dangar, ya taka sumul ɗin ƙasar nan, sawunsa kaɗai yana bin sa. Ya tsaya a kan ramin ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya tura ƙasar da gefen ƙafa ya rufe shi, ya danne. Ya ɗaga turmin ya shigar da shi ƙarƙashin rumbu inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ya kwantar da ƙotar a kusa da shi. Ya fito ya miƙo mini ƙwarya.

"Ina sara, kana zubawa. Bibbiyu. In ka ƙara ko ɗaya, zan sani."

Muka yi ta shuka har rana ta take tsaka. Ban juya na kalli rumbun ba ko sau ɗaya, amma duk saran da sungumin Baba ya yi sai na ƙirga, ina jiran in ji wani ya amsa daga baya.

Da la'asar ta washegari Kawu ya shigo da ni gaban waya. Na faɗi komai, turmin mai ƙosai, layin tsamiya, ramin. A rayuwata ban taɓa ba da labari tsirara haka ba, ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Na gama, allo ya ɗan tsaya. Sai direban tirela ya rubuta, "A raba goma." Shi ke nan, kowa ya kama, a raba goma, a raba goma, har da masu dariya. Hajiya ta ce in je in nemi gafarar mai ƙosai da ta tsoho, kuma in ta dawo gida sai ta ja kunnena ya kai Balan. Kawu ya ce wataƙila wani abu ne ya faɗo sau ɗaya a tasha, wayoyin 'yan benci suka maimaita shi ya zama uku. Kowa ya ce lallai haka ne. Da sauri suka yarda, har suna rige-rige.

Da aka zo ƙarshe Kawu ya gyara zama, ya buɗe baki. Baba, wanda bai taɓa cewa uffan a shirin ba, ya yi magana daga bakin ƙofa.

"A daina tambayarsa. Ya yi mana iya tasa. A bar bawan Allah ya huta."

Tun daga ranar ba a tambaya. Shirun dai yana nan, a yi shi, a yi addu'a, a rufe. An kuma ƙara sabuwar al'ada, kafin a yi shirun sai allo ya cika da "hannu, hannu," ni kuma in ɗaga tafukana biyu sama kamar ɓarawon da aka ritsa. Sababbin shiga suna dariya, ba su san mafari ba.

Gyaɗa ta fito kwana shida bayan shuka, layi layi, babu gurbin da ya yi fashi. Da kaka Baba ya ware buhu ɗaya na iri ya rataye a rufin ɗaki, ya auna kwano uku ya ba ni in kai wa matar tsoho a birni. Ta karɓa, ta sa albarka, ta tambaye ni ko rumbun yana nan a tsaye. Na ce yana nan. Ta ce, turmin fa? Na ce Baba ya shigar da shi inuwa.

"Ya kyauta," ta ce. "Ba ya son a bar masa shi a rana."